Kifi Ɗaya Tak Wendell Yake Nema

Akwai wani mai sayar da tayoyi a wani ƙaramin gari a jihar Alabama ta Amurka, sunansa Wendell Pruitt. Wendell ya iya kamun wani kifin tafki da ake kira bas, wannan ba mai ja da shi. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Shekararsa tara a ƙungiyar masu fatsa ta garin bai taɓa ɗaga kofin shekara ba. Wannan karon ya yi wa kowa fintinkau a maki. Gasa ɗaya ta rage, kuma kifi ɗaya tak zai ɗora a sikeli, kofin ya zama nasa. Har ya sa matarsa ta kwashe hotunan jikoki daga kan kanta don a samar wa kofin wuri.

A ƙungiyar, ƙuri'a ce ke haɗa mai jirgin ruwa da wanda ba shi da jirgi. Mai jirgi yana gaba yana sarrafa shi, ɗayan yana baya, kowa da nasa kamun, kuma ba a yarda wani ya ba wani kifi ba. Ladabin shi ne na gaba ya jera jirgin da gaɓa, don dukansu su samu wurin jefa ƙugiya. Ba a rubuta wannan ba, kunya ce kawai ke sa a yi.

Ƙuri'a ta haɗa Wendell da Hollis Tate, dattijo mai shekara saba'in da huɗu, tsohon direban motar makaranta. Shi ya riƙa kai Wendell makaranta yana yaro.

"Yau kai za ka tuƙa ni, ɗana," in ji Hollis yana dariya.

"To a zauna da kyau, tsoho. Kada iska ta ɗauke min kai."

Ranar kuwa iskar ba ta zo da wasa ba. Ruwan tafkin ya yi sanyin da in ka tsoma yatsa sai ka ji shi har haƙori. Wendell ya nufi wata gaɓa mai duwatsu inda ya yi ta kamu duk bazara. Yana isa ya kafa hancin jirgin a gaɓar, ya bar dattijo da faffaɗan ruwa mai zurfi a baya. Ya ja hular rigarsa ya rufe kunnuwa, ya ba shi ƙeya.

Hollis ya kurɓi gahawa daga fulas, ya ɗaura ƙugiya mai nauyi, ya wurga ta can zurfi. Ya jira ta kai ƙasa, sannan ya riƙa janta a hankali kamar ba ya so.

Shi kuwa Wendell sai jifa yake yana naɗewa da sauri, yadda ya saba lokacin zafi. Awa biyu, ko taɓawa babu.

"Wendell!" Hollis ya ɗaga murya saboda iska. "Sanyi ya kora kifayen ƙasa. Juyo da jirgin, suna nan baya!"

Wendell ya yi murmushi shi kaɗai. A ransa ya ce, wato in juya, gaɓa ta koma hannunsa. Wayon tsofaffi!

"Kowa ya ji da gabansa, tsoho," ya ce, ko waiwaye bai yi ba.

Da tsakar rana yatsunsa suka sandare, hanci na zuba. Tsoro ya fara shigarsa, tsoro na gaske. Hollis ya sake magana.

"Ɗana, zo ka tsaya nan kusa da ni. Jifa ɗaya kawai."

"Mista Hollis, mota ka sani. Bar min ruwa."

Sau uku dattijon ya kira shi. Wendell yakan ji motsi a bayansa, da ƙarar buɗe murfi, amma ya ɗauka dattijon burodinsa yake nema.

Ƙarfe uku lokaci ya cika. Wendell ya juyo a karon farko tun safe, ya buɗe akwatin ruwan da ake ajiye kamu da rai. Nasa ɓangaren wayam. Na Hollis kuwa bas biyar ne manya, suna ta kaɗa jela.

Wendell ya duba hagu da dama, sauran jirage sun yi nisa.

"Baba Hollis," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗaya. Ƙaramin cikinsu. Wa zai sani?"

Hollis ya daɗe yana kallonsa, kuma tausayi ne a idonsa.

"Ni zan sani. Tun safe nake yi maka tayin tafkin nan gaba ɗaya, ɗana. Wannan ɗayan ne kawai ba ni da ikon ba ka."

A wurin awo Hollis ya zo na ɗaya. Kofin shekara ya tafi hannun wani mai gyaran famfo da ya kawo ƙananan kifi biyu. Aka tambayi dattijo sirrinsa.

"Ku gode wa Wendell," ya ce. "Shi ya ajiye ni a kansu, kuma wuni guda bai motsa jirgin ba."

Kowa ya gane yadda aka ajiye jirgin. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi yi wa Wendell ciwo.

Da ya koma gida, da hannunsa ya mayar da hotunan jikoki kan kanta.

Darasi: Wanda ka tura baya don raini, wataƙila shi ke tsaye a kan abin da kake nema. In na bayanka ya kira ka, waiwaya tun lokaci bai ƙure ba. Tura wannan labarin ga wanda ka san ya daina waiwaye.