Hannun da Tetsuji Ya Janye

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A garinmu na Akita an yi wani ɗan kokawa mai suna Tetsuji. Ƙato ne mai ƙarfin gaske, sai dai tafin 'yan kallo ya fi masa komai daɗi.

Tare suka taso da abokinsa Noboru a gidan horon tsoho Malam Ushio. Tare suke wanke kayan manya, tare suke dafa tukunyar nama da kabeji, su ci abin da ya rage. Tun ranar farko Malam ya koya musu ƙa'idar kokawarmu: in ka ɗaga mutum za ka maka shi da ƙasa, hannunka ɗaya yana ƙarƙashin wuyansa har ya sauka.

"Wanda ka ɗaga amana ya ba ka," in ji Malam.

Da suna ya fara zuwa, sai Tetsuji ya lura in ya janye hannun nan ya ɗaga wa jama'a shi tun abokin karawa yana sama, zauren kan ɗauki ihu.

Wata rana suna cin abinci, Noboru ya ce, "Kai ƙaton banza, wuyan nan fa ɗaya gare ni. Ba a sayar da irinsa a kasuwa."

Tetsuji ya yi dariya. "Matsoraci! Ai ka iya faɗuwa kamar kyanwa."

Ranar gasar kambu aka haɗa su biyu. Tetsuji ya ɗaga Noboru, ya ji ana kiran sunansa, ya janye hannun. Noboru ya sauka a kan wuya. Daga ranar bai sake takawa ba.

Ba wanda ya kori Tetsuji. Amma duk wanda aka ce ya kara da shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa afuwa. Haka kokawarsa ta mutu yana da sauran ƙarfinsa. Ya koma ɗaukar kwandunan kifi a bakin teku, kunya ta hana shi zuwa gaida abokinsa.

Shekara ta zagayo, aka shirya wa Noboru bikin ajiye kokawa, inda ake kaɗa wa mutum ƙararrawar ban kwana yana tsakiyar dandamalin kokawa. Sai dai keken guragu ba ya hawa dandamali, dole wani ya ɗauke shi. Noboru ya ce a kira masa Tetsuji.

Tetsuji ya zo ya durƙusa, goshinsa a ƙasa. "Ni? Bayan abin da na yi maka?"

"Tashi, kana warin kifi," in ji Noboru. "Duk cikinsu wa ya san nauyina kamarka?"

Tetsuji ya ɗauke shi a hankali, tafin hannunsa a ƙarƙashin wuyan. Jama'a suka yi ta tafi, bai ko waiwaya ba. Har ƙararrawa ta yi shiru bai janye hannun ba, hawaye na zuba a rigar abokinsa.

Darasi: duk wanda ya miƙa maka kansa, kada yabon mutane ya sa ka sake shi. Tafi yana ƙarewa kafin a share zaure, amma ɓarnar cin amana, ko an yafe ta, ba kullum take gyaruwa ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.