Mutumin da Ya Mayar da Kwanan Wata Baya

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai gyaran kwamfuta. Ya iya aikinsa, wannan ba mai musu. Sai dai Allah ya jarabce shi da ganda, ba ya son aikin da zai zaunar da shi.

Wani mai kantin magani ya damƙa masa amanar kwamfutar kantinsa. Ita ke lura da wa'adin magunguna. Duk wanda ya lalace sai ta nuna sunansa da ja, a cire shi daga cikin kaya. Rayukan bayin Allah na rataye a wannan jan rubutun.

Wata safiya kwamfutar ta fito da gargaɗi: wa'adin shaidar tsaron da take aiki da ita ya kusa ƙarewa, a sabunta. Aikin yini guda ne, a zauna a jira. Mutumin nan ya dubi allon, ya ja tsaki. Ya shiga cikinta ya mayar da kwanan wata baya, shekara guda cur. Gargaɗi ya ɓace.

"Maigida, an gama," in ji shi. "Rigimar banza ce kawai."

Subhanallah! Don ka yaudari na'ura, sai rana ta fasa fitowa? Kwamfuta na zaune a bara, magani na tsufa a bana. Ja bai ƙara fitowa ba. Mai kanti kuwa ya saba dogara da allo, ya daina juya kwali ya duba.

To, mutumin nan yana da yaya, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ciwon suga gare ta. A kantin nan yake saya mata allura, ya kai mata da hannunsa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, auta." Tana yin allurar, ƙishirwa na ƙaruwa, tana ta ramewa, ba wanda ya zargi magani. Har ranar da ta faɗi a ƙofar ɗakin girki, ba ta sake farfaɗowa ba.

Bayan an binne ta, yana tattara kayanta, ya buɗe firij ya ga kwalbar da ta rage. Ya juya ta, ya karanta wa'adin. Ba sai an gaya masa ba.

Na gan shi da idona. Ya rufe shagonsa na gyara, yana yawo bakin titi yana tare mutane: "Don Allah, yau nawa ga wata?" Ka faɗa masa, ya girgiza kai, ya tari na gaba.

Ya 'yan uwa, gargaɗi rahama ne. Wayarka ko kwamfutar wurin aikinka, in ta ce a sabunta, zauna ka sabunta. Kar ka ce an gama alhali ba a gama ba. Ka san jikin wa ha'incinka zai shiga?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare masu karɓa daga hannunmu ba su duba ba. Amin.