Maɓallin Da Bai Kai Ga Inna Ba

Akwai wani mai haɗa faifan bidiyo da ake kira Nan-Take, saboda duk aikin da aka kawo masa amsarsa ɗaya ce: "Nan take!" Ya iya aiki, wannan ba zan rage masa ba. Sai dai yana da ciwon da ke damun gwanaye da yawa, bai yarda hannunsa zai iya kuskure ba.

Wata uku bayan rasuwar mahaifiyarsu, ya tattara duk bidiyon da aka taɓa ɗaukarta, ya zauna sati biyu a shagonsa yana haɗawa. Ya yi shafin farko mai kyau: Inna zaune a bakin ƙofa tana dariya, hoton ya motsa na daƙiƙa goma ya sake komowa, babu sauti. A gefe ya jera maɓallai biyar, kowanne in an danna sai ya buɗe bidiyo guda. Na biyar shi ne wanda ya ɗauka da kyamararsa tana yi wa mutanen gida addu'a, kwana kaɗan kafin a kwantar da ita asibiti.

Ya buga faifan da hoto tangaran, irin wanda sai sabuwar na'ura ke karantawa, ya raba wa 'yan'uwansa. Kowa ya yi kuka, kowa ya yaba.

Saura Baba. Ƙafa ta hana shi fita, kunne ya yi nauyi, waya ba ta yi masa amfani. Abin da yake da shi tsohuwar talabijin ce da tsohuwar na'urar faifai a kan ɗan tebur.

"Nawa fa?" in ji Baba. "An ce min ta yi magana a ciki."

"Baba, wannan akwatin naka ai ya girme ni," Nan-Take ya ce yana dariya. "Bari in kawo maka sabo."

"Bar min abuna, shi hannuna ya sani. Ka dai yi min wanda zai ɗauka."

Aikin ba wahala gare shi ba. Ba sai an fara daga farko ba: kwafe aikin farko ake yi, a cire manyan bidiyon, a sa ƙananan da tsohuwar na'ura za ta iya karantawa. Amma da zarar an cire su, abin da ya haɗa kowane maɓalli da bidiyonsa ya yanke. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a sake haɗawa, sannan a gwada faifan.

Nan-Take ya san haka, shi ke koya wa wasu ma. Amma ranar shago a cike yake. Ya sauya bidiyon, ya ga shafin farko ya fito daidai, ya buga faifai ya ba ƙanwarsa Auta, wadda ke zaune da Baba.

Washegari Baba ya sa aka kira shi. "Na danna, ba ta fitowa."

"Baba, kibiya za ka fara dannawa, sannan na tsakiya. Ka yi a hankali."

Bayan kwana biyu Auta ta kira. "Yaya, ni ma na gwada, wallahi ba ya buɗewa."

"Ke ma kin zama Baba? Faifan da na buga da hannuna? Tsohuwar na'urarku ce. Zan shigo ran Asabar."

Asabar ta zo ta wuce. Da ya shigo ma a tsaye ya gaisa, waya a kunne. Baba ya ɗago rimot zai yi magana, sai ya ga ɗan nasa yana duba agogo, ya mayar ya ajiye a cinya. Daga ranar bai sake tayar da zancen ba. In Auta ta ce za ta sake kira, sai ya ce, "Ƙyale shi. Yaron ya iya aikinsa, hannuna ne ke rawa."

Wannan maganar ita ta fi ci min rai a labarin nan. Tsoho ya ɗauki laifin da ba nasa ba don kada a ce ɗansa ya yi kuskure.

Bayan sati shida Baba ya rasu.

Da masu gaisuwa suka ragu, Auta ta jawo yayanta ɗakin Baba, ta kunna talabijin, ta miƙa masa rimot. Inna ta fito tana dariya.

"Danna, Yaya," ta ce. "Kai ka iya."

Ya danna na farko, shiru. Na biyu, shiru. Har na biyar babu abin da ya motsa. Nan take ya gane abin da ya bari.

"Kullum in ya karya sai ya ce in kunna masa," in ji Auta. "Wannan dariyar kawai yake kallo, ta tafi ta dawo, har rana ta ɗaga. Wani lokaci in ji yana ce mata, 'Yau ma ba za ki yi min magana ba?'"

Nan-Take ya ajiye rimot. Ya tafi shago ya buɗe aikin, ya haɗa maɓallan biyar. Minti huɗu abin ya ci. Ya buga sabon faifai, ya dawo ya sa a tsohuwar na'urar da ya yi ta zargi, ta karɓa ba gardama.

Ya danna na biyar. Muryar Inna ta cika ɗakin, kuma da Baba ta fara.

"Malam, na gode da zaman da muka yi. In na riga ka, ka yi haƙuri, yaran nan za su kula da kai."

Nan-Take ya juya ya kalli kujerar Baba, sannan ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: In mahaifinka ya ce maka abu bai yi ba, je ka duba da idonka kafin ka ce shi ne bai iya ba. Gwaninta ba ta hana kuskure, kuma gyaran minti huɗu yana iya zama nadamar da ba ta ƙarewa. Ka tura wa wanda iyayensa ke raye, wataƙila akwai kiran da ya kamata ya mayar yau.