Sarkin da Bature Ya Ƙi Yarda Shi Ne Sarki

An ruwaito a cikin littattafan mutanen dā, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani gari mai ganuwa ana ce da shi Birnin Sansami, Sarkinsa kuwa sunansa Barmo. Na san akwai masu ba da wannan labari a karkace a bakin kasuwa, har a cika musu hannu da goro, ni da na san shi tun daga tushe ko ɓari ba a miƙo mini. To, ba komai. Ku dai ku kasa kunne ku ji bambanci.

An ce a zamanin nan akwai wani attajiri, Madugu Cindo, mai fataucin goro. Da ya komo daga kudu sai ya shiga gaya wa mutane cewa Nasara na tafe, suna da igwa mai rushe ganuwa kamar ana fasa tulu. Kasuwa ta rikice, masu hatsi suka ɗaure bakin buhunansu. Waziri Tunau ya kai ƙara fada, ya ce Madugu yana so ya tsorata gari ne don ya sayi kaya da araha. Sarki ya sa aka ƙwace jakunan Madugu, aka jefa shi gidan yari.

Ba a yi nisa ba sai ga Nasara sun sauka a fadamar da ke gabas da gari. Manzonsu ya zo ƙofa ya ce, "Bature ya ce Sarki ya fito gare shi yau kafin rana ta faɗi. In bai fito ba, igwa za ta yi sallama a madadinsa."

Da saƙo ya iso fada, Sarki ya dubi Waziri, ya ce, "Waziri, yau ranarka ce. Mece ce shawara?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, kada ka fita. An ce akwai wani sarki na bakin kogi da ya fita ya tarye su da hannu biyu, da rago da ƙwaryar ƙwai. Suka ce ya shiga jirgi a yi magana a inuwa. Yana shiga aka kwance igiya. Matansa suna tsaye a gaɓa har jirgin ya zama kamar ƙuda. Har yau ba wanda ya san inda kabarinsa yake. Ni a ganina, ga Korau wanzami, tsayinku ɗaya. A naɗa masa rawani, a rufe masa baki da amawali, ya fita a matsayin Sarki. In sun kama, wanzami suka kama."

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, Waziri! Haka ake yi!"

Sarki ya juya wajen dogarai. Can ya ce, "A kwanto mini Madugu. Shi ya gan su da idonsa."

Aka kawo Cindo, duk ya rame, ƙaiƙayi a gemunsa. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, bawanka ya zo. Sai dai a yi mini gafara, ban sami damar yin ado ba, masaukin da Waziri ya zaɓa mini babu madubi."

Sarki ya ce, "Bar wannan, Madugu. Ƙofa biyu ke gabana. In na fita, a tafi da ni. In na tura wani, Waziri ya ce na tsira. Kai me ka gani a tafiye-tafiyenka?"

Madugu ya ce, "Zaki, in ka ba ni aminci, in ba ka labarin Tudun Baure."

Sarki ya ce, "Na ba ka."

Madugu ya ce, "An yi wani sarki a Tudun Baure wanda na sha kai wa gaisuwar goro. Ran da Nasara suka zo, aka ba shi irin shawarar nan. Ya shiga rumbu ya ɓuya, aka naɗa wa mai kiwon dokinsa rawani. Bature bai kama kowa ba. Sanda ya miƙa wa mai rawanin, ya ce daga yau duk wanda ya ƙi bin mai sandan nan, gidansa zai ci wuta. Da fari komai lafiya. Kullum mai doki yakan zo ya tuɓe rawani, ya faɗi gaban ubangidansa, su yi dariya tare. Sai Bature ya aiko a ba shi mutanen da za su yi aikin hanya. Wa zai zaɓi wanda za a tura? Mai sanda. Nan da nan iyaye suka gane ƙofar da ake kai kuka. Dogarai suka bi iyaye, makaɗa suka bi dogarai. Ran nan mai doki ya aiko ya ce ƙafarsa na ciwo, ubangidansa ya zo da kansa. Bara da na ratsa, ranka ya daɗe, na sayi igiyar ɗaure jaki a hannun wani tsoho a gefen kasuwa. Da ya ɗago kai na gane shi, shi ma ya gane ni. Sarkin da ya ɓuya a rumbu ne."

Waziri ya ce, "Ai Korau mutumin kirki ne!"

Madugu ya ce, "Wancan ma mutumin kirki ne, Waziri. Kuma ba Bature ya tuɓe sarkin Tudun Baure ba. Mutanensa ne, don sun san inda ya ɓuya ran da suke bukatarsa."

Sarki ya ce, "To, ina ƙofa ta uku?"

Madugu ya ce, "Babu ita, Zaki. Amma in ka fita, ina riƙe da linzaminka. In jirgi ne, mu shiga tare."

An ce da la'asar aka buɗe ƙofar gabas. Sarki ya fito bisa doki, Madugu na gaba a ƙasa. Waziri ya ce cikinsa ya murɗa, zai tsaya ya tsare fada. Mutanen gari kuwa, maza da mata, duk suka hau ganuwa da itatuwa, ba mai ko tari.

Suka tarar da Bature zaune bisa kujerar ƙarfe, jajir da shi kamar gauta, bakin igwa na kallon gari. Ya dubi Sarki sama da ƙasa, ya yi magana, tafintansa ya ce, "Bature ya ce an gaishe ka, wanzami. Ko mai doki ne? Ya ce gari nawa aka yi masa wannan wasa, ya gaji. Sarkin gaske ba ya fitowa da fari. Koma ka ce ubangidanka ya fito daga rumbu."

Sarki ya ce, "Ni ne Barmo, Sarkin Sansami, ɗan sarki jikan sarki."

Tafinta ya ce, "Haka na Tudun Baure ya ce."

Bature ya ɗaga hannu, sojoji suka fara ɗura igwa. Inuwar doki ta riga ta yi tsawo. Ku duba mini wannan abu, jama'a! Mutum ya sayar da ransa ya fito, a ce masa jabu ne. Rawani ba shaida ba ne, zobe ba shaida ba ne, duk ana iya ara. Sarki ya sunkuyo ya ce a hankali, "Madugu, ka kashe ni, ka kashe gari."

Madugu ya share gumi, ya ce wa tafinta, "Ɗan'uwa, ka ce wa Bature ya daina kallon Sarki, ya kalli ganuwa." Sa'an nan ya ce, "Zaki, sauko ka zauna a ƙasa. Ba buzu, ba tabarma."

Sarki ya ce, "A ƙasa? Gaban baƙo?"

Madugu ya ce, "Ƙasarka ce, ranka ya daɗe."

To, a Sansami akwai al'ada tun kaka da kakanni, ba mahaluƙin da kansa ke fin na Sarki bisa in Sarki ya sauka. Sarki Barmo ya sauko ya zauna cikin turɓaya. Ba a buga tambari ba, ba a yi shela ba, amma sai ganuwa ta fara zubar da mutane kamar kanya in an girgiza. Masu dira suna dira, tsofaffi suna jan gindi, mata da goyo suna gangarowa, wani ya faɗo daga tsamiya ya karye bai ko yi kuka ba. Kafin ƙiftawa da bismilla ganuwa ta zama wayam, mutane suna kwance rub da ciki a gindinta. Madugu ma yana ƙasa, goshinsa cikin ƙura.

Bature ya daɗe yana kallo. Ya tambayi tafinta, tafinta ya ce, "A Tudun Baure, da mai doki ya fito a matsayin sarki, dariya mutane suke yi a kan ganuwa." Sai Bature ya sauke hannunsa, aka juya bakin igwa. Ya sa aka kawo sanda aka miƙa wa Sarki, ya ce za a riƙa biyan haraji, za a kuma ba da mutanen aikin hanya in an nema.

An ce da suka komo Sarki ya mayar wa Madugu jakunansa, ya ƙara masa wasu, ya tuɓe Tunau ya naɗa shi Waziri. Da mutane suka watse ya ajiye sandan a gabansa yana kallo, ya ce, "Waziri Cindo, yanzu mun ci ne ko an ci mu?"

Sabon Waziri ya ce, "An ci mu, Zaki, ba na yi maka daɗin baki. Amma ran da za a zo ɗibar mutanen hanya, sandan na hannun wanda ya san gidan da ɗa ɗaya ne ya rage wa tsohuwa."

Masu hikima suka ce, wanda ya ba wani aron kujerarsa ranar tsoro, kada ya yi tsammanin a mayar masa ranar kwanciyar hankali. Nan alƙalamin mutanen dā ya tsaya, nan ni ma na kama bakina.