Gwauro a Gidan Alhaji Ɗan'azumi

Wata huɗu ina yawon neman ɗakin haya a Kurna, har dillalai suka fara ɓuya in sun hango ni. Daga ƙarshe na ga ciki da falo a gidan Alhaji Ɗan'azumi.

Ya ce, "Kana da iyali?"

Na ce, "Ana dai shiri, Alhaji."

"Ba na ba gwauro haya. Kawo mata, ka karɓi makulli."

"Su kuma iyayenta sun ce sai sun ga ɗaki."

"Wannan kai ta shafa."

Na sunkuyar da kai. "Haka ne. Amma ba ni da babba a garin nan. Ko za ka zama wakilina a je neman auren?"

Alhaji akwai son girma. Ranar Asabar ya sha babbar riga ya shige gaba. Bayan an gaisa, baffan yarinyar ya ce, "Alhaji, yaron naku yana da inda zai ajiye ta?"

Alhaji ya dubi jama'a, ya yi gyaran murya. "Haba! Ina raye? A gidana ma zai zauna."

Da la'asar na je na durƙusa. "Alhaji, na ji an ce ka yi magana gaban mutane."

Ya wurgo min makulli, ko kallona bai yi ba.

Da gwaggonnin amarya suka zo ganin ɗaki, suka auna, suka ce ko gadonta ba zai shiga ba. Aka fasa auren.

Yau shekarata biyu a gidan da ba a ba gwauro. Yanzu Alhaji ne ke yawon nema min mata.