Takardar da Kuramochi Ya Kwafa

Kuramochi Tsuneo mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Shayi ma a tsaye yake sha. Da ya yi ritaya daga tuƙin jirgin ƙasa, sai ya ƙudurta ratsa duwatsun Nagano shi kaɗai, tafiyar kwana huɗu, kafin ƙanƙara ta sauka.

Ya sayi takalmi, ya ɗaure jaka, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Abu ɗaya ya gagare shi: ya zauna ya cike takardar da kowane mai hawa ke jefawa a akwatin bakin hanya, mai nuna inda zai bi da inda zai kwana.

"Baban Sayuri, zauna mana ka buɗe taswira," in ji matarsa Fumie.

"Shekara talatin ina kai jirgi kan lokaci, dutse ne zai ɓatar da ni? In na je can na zaɓi hanya."

"Jirgi ai shimfiɗa masa dogo aka yi. Can wa zai shimfiɗa maka?"

Don ta ƙyale shi, ya ɗauko takardar da wani abokinsa ya cike bara, ya kwafe ta tsaf cikin minti biyar, hanyar gabas da masaukanta. Kwafi biyu ya yi: ya ba Fumie ɗaya, ya jefa ɗaya a akwati.

A rana ta biyu ya tarar da hanyar gabas cike da jama'a suna jan ƙafa. Haƙurinsa ya ƙare, ya karkata yamma. Can ya zame ya faɗa kwazazzabo, ƙafarsa ta karye, ga waya ba ta kamawa.

Da ranar dawowarsa ta wuce, shugaban masu ceto ya tambayi Fumie, "Uwargida, ko zai iya sauya hanya?"

"Mijina direban jirgi ne. Abin da ke takarda shi yake bi."

Kwana huɗu suna tsefe gabas. Wasu masu neman naman kaza, wato laimar kwaɗi, ne suka tsince shi a yamma, ƙafar ta riga ta ruɓe, dole likitoci suka yanke ta.

A asibiti Fumie ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Sun so su duba yamma. Ni na hana su, saboda rubutunka." Kuramochi ya juya fuska bango yana kuka, kunya ta fi masa ciwo zafi.

Darasi: Kada gaggawa ta hana ka zama ka tsara tafiyarka. Abin da ka rubuta ka bari a baya, shi masu ƙaunarka za su bi ranar da suke nemanka, don haka ka rubuta gaskiya.