Jan Kambun Mutanen Mashigi

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani Sarki wanda 'yan bakansa suka tsare mashigin kogi wuni guda cur, har abokan gaba suka juya. Su ɗari biyu suka tafi, arba'in aka ƙirga a ƙofar birni ranar komowa. Alamar rundunarsu kuwa jan kambu ne na fata, da ake ɗaurawa a wuyan hannun hagu. Sarki ya yi doka cewa duk mai wannan kambu a buɗe masa hanya a kasuwa, kuma kada ya tuɓe takalmi sai a zauren fada na uku. Shekara ba ta kewayo ba, masu kambu suka kai sittin. Sarkin Bakan da ya san fuskokinsu ya kwanta a mashigi, su kuma daga ƙauyuka dabam-dabam aka tattaro su.

A cikinsu akwai Haladu, ɗan gidan mutunci. Tare suka fita da wansa Ilyasu, amma da kibau suka fara zuba, Haladu ya tsinke kambunsa ya jefa a ruwa, ya shige ciyawar bakin kogi, bai shigo gari ba sai bayan kwana biyu. Ilyasu ya tsaya har aka kashe shi. Da aka kawo kayan mamacin, mahaifiyarsu Gwamma da hannunta ta ɗaura wa Haladu kambun wansa, ta ce gidan da ba a taɓa nunawa da baki ba, ba a kanta za a fara ba. Tun daga ranar, in an buɗe masa hanya, ƙasa yake kallo.

Sarki ya nemi shawara kan yawan masu kambu, Waziri ya ce a tara su duka. Da suka hallara Waziri ya umurce su kowa ya juyo cikin hannunsa. Ya ce tsirkiyar baka ba ta san ɗan kowa ba, wanda ya wuni yana harbi dole ta ci masa fatar kambu ta ciki. Mutum goma sha tara nasu sumul yake, ya sha mai yana ƙyalli. Dogarai suka fitar da su ana yi musu dariya. Na Haladu kuwa ya fi na kowa cinyewa, har Waziri ya jinjina masa.

Saura arba'in da ɗaya. Aka yi cigiyar na ƙarin har sau uku, ba wanda ya motsa. Sarki ya ce tun da haka ne, kowa ya kwance, an soke alamar. Kusa da Haladu akwai wani dattijo da ya bar yatsu uku a mashigi. Ya sa haƙori yana kwance nasa.

Haladu ya faɗi gaban Sarki.

"Allah ya ja zamanin Sarki, a bar wa baba nasa. Wannan na yayana ne. Ni guduwa na yi."

Sarki ya mayar wa arba'in ɗin martabarsu, ya sa aka rataye kambun Ilyasu a zauren fada, maroƙa suka kira sunansa. Haladu kuma aka yanke masa ɗaukar wa rundunar kwarin kibau, hannu ba alama, har ranar da su da kansu za su ce ya isa.

Labari ya riga shi gida. Ya iske Gwamma tsaye a soro, matan unguwa na leƙe ta katanga. Ya durƙusa yana neman gafara don ya zubar da sunan gida. Ta daɗe tana duban hannunsa, sannan ta ɗaga murya yadda na katanga za su ji.

"Tashi. Kai rana ɗaya ka gudu, ni na shekara ina ɓoyewa. Gobe ka raka ni fada, saura nawa bayanin."